Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Ake Kulle Maganin Fumfuna da Ƙwayoyin Cuta a Cikin 'Yan Ƙananan Kafso?

Tambaya

Assalamu alaikum, Malam. Ina aiki ne a sashen duba ingancin kaya na wani kamfanin haɗa fenti. Kwanakin baya masu kawo mana sinadarai suka gabatar mana da wani nau'in maganin hana fumfuna da gansakuka wanda suka ce an kulle shi a cikin 'yan ƙananan kafso da ido ba ya gani, kuma wai a hankali yake fitowa, saboda haka bango zai daɗe bai yi baƙi ko kore ba. Kuɗinsa ya fi na wanda muka saba da shi. Ina roƙon a yi mini bayanin yadda abin yake aiki da kuma ko da gaske ya fi daɗewa. Sannan ina da wani tsoro: idan magani yana fitowa kaɗan-kaɗan, ba zai sa ƙwayoyin su saba da shi har su bijire masa ba?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, tambayarka ta ƙarshe ita ce mafi nauyi, kuma zan zo kanta, amma sai an fahimci matsalar da aka ƙirƙiro kafson domin ya magance kafin a iya auna tsoron naka. Abin da zan so ka riƙe tun daga farko shi ne kafso ba ya ƙara wa sinadari ƙarfin kisa ko kaɗan. Abin da ke ciki shi ne dai sinadarin da ka saba da shi, kuma adadin da ake bukata kafin ya hana fumfuna tsirowa yana nan yadda yake. Aikin kafso shi ne sarrafa lokaci: yaushe sinadarin zai fito, nawa zai fito a kowace rana, kuma har zuwa yaushe.

Masana suna kiran wannan rukunin sinadarai bayosaid, wato duk abin da ake sawa a cikin kaya ko a kansu domin ya kashe bakteriya, fumfuna, gansakuka da makamantansu, ko ya hana su yaɗuwa. A fentin bangon waje, waɗanda aka fi amfani da su sun haɗa da OIT da DCOIT da IPBC domin fumfuna, sai tabutirin da dayuron domin gansakuka. Dukkansu larura ɗaya ce take damunsu. Sinadarin da ke daskare a cikin busasshen fenti ba ya taɓa ƙwayar fumfuna. Sai ya narke a cikin ɗan danshin da ke kwance a fuskar bango, raɓa ce ko ruwan sama, sannan ya shiga jikinta. Ke nan tilas ya zama mai narkewa a ruwa, ko da kaɗan ne. To, narkewar da ta ba shi damar yin aiki ita ce kuma take ba ruwan sama damar wanke shi ya tafi da shi.

Kowace ƙwaya tana da mafi ƙarancin adadin sinadarin da zai hana ta girma, wanda zan riƙa kira mizanin hanawa. Muddin abin da ke fuskar bango yana sama da wannan mizani, bango yana cikin kariya, kuma duk abin da ya haura bukata asara ne kawai. Ranar da ya faɗi ƙasa da mizanin, kariya ta ƙare, ko da akwai saura a can cikin zurfin fentin. Sinadarin da aka zuba shi a sake yana fita da yawa ƙwarai a ruwan farko, lokacin da fentin yake sabo kuma fumfuna ba ta ma samu gindin zama ba tukuna, daga nan sai ya yi ta raguwa har ya kasa a daidai lokacin da bango ya fara tsufa, ya tara ƙura, ya fi bukatar kariya. Mai haɗa fenti ya san haka, shi ya sa yake zuba fiye da kima tun farko domin a samu abin da zai rage. Binciken da aka yi a Suwizalan da Jamus tun daga shekarun 2000, musamman na Michael Burkhardt da abokan aikinsa, ya nuna inda rarar take zuwa: ruwan da ke gangarowa daga bangon sababbin gine-gine yana ɗauke da waɗannan sinadarai zuwa magudanai da rafuka, mafi yawan zubar tana faruwa ne a watannin farko, kuma bangon da ke fuskantar inda iska take koro ruwan sama shi ya fi zubarwa. Tabutirin da dayuron asalinsu maganin ciyawa ne na gona, masu hana tsiro sarrafa hasken rana, kuma ba sa bambancewa tsakanin gansakukar bango da tsirran cikin rafi.

Dabarar kafson ba daga fenti ta faro ba. A shekarun 1950 ne wani masanin sinadarai mai suna Barrett Green, a kamfanin NCR da ke Dayton ta jihar Ohayo a Amurka, ya samar da takardar da ke yin kwafi ba tare da an sa kabon a tsakani ba. An shafe bayan takardar da 'yan ƙananan kafso na jelatin da ƙaro masu ɗauke da tawada marar launi, idan bakin biro ya danna sai su fashe, tawadar ta haɗu da sinadarin da ke kan takardar ƙasa, rubutu ya bayyana. Hanyar da ya bi ta dogara ne a kan yadda abubuwa irin su jelatin da ƙaro suke warewa daga ruwa su zama ɗigo-ɗigo, yanayin da masanan Holan biyu, Bungenberg de Jong da Kruyt, suka bayyana tun 1929. A takarda ana son kafso ya riƙe komai har lokacin da zai fashe ya saki komai. A fenti kuwa ana son ɓawon da ba zai fashe ba amma zai riƙa naso a hankali, kamar yadda tulun ƙasa yake tsattsafo da ruwa ta jikinsa alhali bai tsage ba. Wannan na biyun ya fi wuyar samu nesa ba kusa ba.

Girman kafson da ake sawa a fenti yawanci 'yan maikuromita ne zuwa 'yan gommai, maikuromita kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, kuma kaurin gashin mutum yakan kai wajen maikuromita 70. Siffarsu iri biyu ce. Akwai mai ciki da ɓawo, inda sinadarin yake taruwa a tsakiya, siririn bango na folima, wato sinadari dangin roba, ya kewaye shi. Akwai kuma wanda sinadarin yake warwatse a duk jikin ƙwayar, kamar ruwa a cikin soso. Domin yin na farkon, akan narkar da bayosaid a cikin wani mai tare da rabin kayan ginin ɓawo, a kaɗa shi a ruwa har ya tsinke ya zama ɗigo-ɗigo ƙanana, sannan a zuba ɗaya rabin kayan ginin a cikin ruwan. Su biyun ba su da wurin haɗuwa sai a fatar kowane ɗigo, a nan suke ƙulluwa su zama ɓawo. Haka ake yin ɓawon foliyuriya. Ɓawon melamin da fomaldihaid, wanda ya yaɗu sosai a masana'antar fenti, shi kuma daga cikin ruwan yake sauka ya lulluɓe ɗigon. Ana kuma amfani da kayan da ba folima ba, irin su silika mai ƙananan ƙofofi, da ziyolait da ake cusa wa azurfa, da wani yumɓu mai suna haloisait wanda a halittarsa yake a naɗe kamar bututu, ramin cikinsa bai wuce 'yan gomman nanomita ba (nanomita kashi ɗaya ne cikin dubu na maikuromita), ana cika shi da sinadari a bar shi ya riƙa fita ta bakunan biyu.

A nan akwai wani bambanci da ya shafi aikinka kai tsaye. Fentin ruwa yana bukatar kariya iri biyu: wadda za ta hana shi ruɓewa a cikin gwangwani kafin a shafa, da wadda za ta kare shi a jikin bango bayan ya bushe. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 528/2012, wadda ta kasa kayan bayosaid gida 22, ta sa ta farko a rukuni na 6, ta biyu a rukuni na 7. Kariyar cikin gwangwani tana bukatar sinadari sakakke mai saurin narkewa wanda zai kashe bakteriya nan take, irin su MIT da BIT, kuma kulle irin wannan a kafso yana da wuya saboda yadda yake son ruwa, ba shi da ma amfani. Kafso na rukuni na 7 ne. Idan wani ya ce maka kayansa na kafso zai maye gurbin duka biyun, ka nemi hujja mai ƙarfi.

Yadda sinadarin yake fita kuwa yana bin ƙa'idar da Adolf Fick ya rubuta a 1855: abu yana ratsawa daga inda ya yi yawa zuwa inda ya yi kaɗan, saurinsa yana ƙaruwa da girman bambancin, yana raguwa da tsawon hanyar da zai bi. A ƙwaya mai kama da soso, abin da ke kusa da fata shi yake fara fita, na ciki kuma hanyarsa tana ƙara nisa kullum. Takeru Higuchi ya yi lissafin irin wannan a 1961, a kan man shafawa na magani, kuma sakamakon yana da sauƙin riƙewa. A matsayin misali, idan kashi 10 cikin 100 ya fita a wata na farko, sai an kai wata huɗu kafin jimillar ta kai kashi 20, sai wata tara kafin ta kai kashi 30. Fitar tana daɗewa, amma abin da ke fita a kowace rana yana ta raguwa. Kafso mai ciki da ɓawo yana iya yin abin da ya fi haka. Muddin akwai sauran sinadarin da bai narke ba a tsakiyarsa, abin da ke bayan ɓawon yana nan a cike, kaurin ɓawon bai canza ba, don haka adadin da ke fita yau kusan shi ne zai fita bayan wata shida. Wannan fitar da ba ta hawa ba ta sauka ita ce burin duk mai ƙera kafso, kuma kaɗan ne suke kusantarta a zahiri.

Abubuwan da mai ƙerawa yake juyawa domin ya daidaita saurin ba su da yawa. Idan ya rage faɗin ƙwaya da rabi, faɗin fatar da ke taɓa ruwa a kowane giram yana ninkawa biyu, kuma hanyar fita ta gajarta, sai fitar ta yi sauri. Idan ya ƙara kaurin ɓawo ko ya tsananta saƙar folimar, sai ta yi jinkiri. Abin da ba ya hannunsa shi ne zafi. Folima tana sassautawa idan ta yi zafi, sinadari ya fi narkewa, kuma bangon da rana ta buga yana iya zarce zafin iskar da ke kewaye da shi da digiri masu yawa. Kafson da aka auna a ɗakin gwaji a digiri 20 ba zai yi hali ɗaya ba a kan bango mai duhun launi da yake shan rana tun safe.

To, ko da gaske ya fi daɗewa? Idan an yi shi da kyau, haka ne, kuma akwai shaida. Wani gwaji da aka yi a Suwizalan aka wallafa a 2018 ya kwatanta shafen bango mai ɗauke da tabutirin da OIT da DCOIT a sake da wanda yake ɗauke da su a kafso, aka ga zubar ta ragu ninki da dama, ragin ya fi girma a OIT da DCOIT fiye da tabutirin, kuma gubar ruwan wankin ga halittun ruwa ta ragu. Ba a fenti kaɗai ba, a wasu fannoni ma dabarar ta nuna kanta. Maganin sauro na firimifos-metil da ake fesawa a bangon ɗaki domin yaƙi da zazzaɓin cizon sauro yakan yi wata biyu zuwa uku a tsohuwar siffarsa, amma da aka mayar da shi kafso da sunan Actellic 300CS, ya kan kai wata shida ko fiye a kan bango iri-iri. Likitocin haƙori suna cusa wani ɗan falle na jelatin mai suna PerioChip, mai ɗauke da miligiram 2.5 na maganin kashe ƙwayoyin cuta na kulohekzidin, a aljihun dasashin da ya kamu, ya yi kusan mako ɗaya ko ɗan fiye yana saki, kuma a 2001 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da Arestin, 'yan ƙwayoyin folima mai narkewa a jiki masu ɗauke da maganin bakteriya na minosaikilin, domin irin wannan aiki. Ban da tsawaita lokaci, ɓawon yana kare sinadarin daga abin da ke lalata shi. IPBC ba ya jure hasken rana, yana rushewa har ya sa farin fenti ya yi rawaya, sabon filasta kuma yana da kaifi irin na kanwa da ke cinye OIT. Ga kuma amfani ga ma'aikata, domin dangin OIT sanannu ne wajen jawo ƙaiƙayi da borin fata, kuma rage adadin da ke sake a cikin ruwan fenti yana rage abin da ke taɓa hannu.

Na ce idan an yi shi da kyau, domin hanyoyin da abin yake lalacewa suna da yawa, kuma akasarinsu a cikin masana'antarku suke faruwa. Kafso yana zama a cikin gwangwani wata da watanni, kewaye da ruwa da sinadaran da ke taimaka wa fenti haɗewa idan yana bushewa. Wasu daga cikinsu suna kumbura ɓawon ko su janyo sinadarin waje, ta yadda ranar da za a buɗe gwangwani rabin abin da aka saya a matsayin kafso ya riga ya zama sakakke. Injin niƙa launi mai gudu yana iya farfasa su, shi ya sa ake zuba su a ƙarshen haɗi da kaɗawa mai taushi. Idan sun fi kaurin busasshen fentin girma za su turo kai waje, su ɓata sheƙi, su kuma goge. Akwai kuma kuskuren da ya fi ɓoyuwa, wato ɓawon da ya yi tsauri fiye da kima. A gwajin wanki zai ba da sakamako mai ban sha'awa, domin kusan babu abin da ya zuba, amma bango zai yi kore alhali maganin yana kulle a cikinsa bai taɓa kai mizanin hanawa ba. Saboda wannan ne masu haɗi da dama suke barin wani kaso a sake domin watannin farko, sauran kuma a kafso.

Ina so in yi wani ɗan tsokaci a gefe, domin masu talla sukan haɗa kalmar saki a hankali da kalmar aminci kamar abu ɗaya ne. Fentin ƙasan jirgin ruwa mai ɗauke da TBT, wani sinadarin kuza, wanda ya yaɗu daga tsakiyar shekarun 1970, yana cikin mafi nasarar dabarun saki a hankali da aka taɓa yi. An ɗaure gubar ne a jikin folimar kanta, ruwan teku yana cin fatar fentin sannu-sannu, jirgi ya yi har shekara biyar ba abin da ya manne masa. Amma 'yan nanogiram (kashi ɗaya cikin biliyan na giram) a lita sun isa su sa matan dodon-koɗin teku su tsiro da gaɓar maza, kuma kiwon kawa, wata halittar teku mai ɓawo da ake ci, a mashigin Arkashon na Faransa ya durƙushe. Faransa ta hana shi a kan ƙananan jirage a 1982, yarjejeniyar duniya ta 2001 da ta haramta shi kuma ta fara aiki a 2008. Kafson kansa ma ya taɓa zama matsala. Maganin ƙwari na Penncap-M da aka fito da shi a Amurka a shekarun 1970 girman kafsonsa ya yi daidai da ƙurar fure, ƙudan zuma suka riƙa kwasarsa suna kaiwa amya, inda ya ci gaba da sakin guba a cikin abincin da suka adana. Yanzu kuma hankali ya koma kan ɓawon, domin melamin da foliyuriya roba ce da ba ta ruɓewa. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 2023/2055 a kan ɓurɓushin roba ta ba kayan bayosaid da magungunan gona wa'adi zuwa Oktoban 2031, ko da yake ta yi sassauci ga ƙwayoyin da suke daskarewa dindindin a cikin abu mai tauri. Wannan ne yake tura bincike zuwa silika, yumɓu, da folimomin da ke ruɓewa.

Yanzu ga tsoronka, kuma tsoro ne mai tushe. Alexander Fleming ya yi gargaɗi a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1945 cewa bai wa ƙwayoyin cuta fenisilin da bai kai ya kashe su ba yana koya musu jure shi. Adadin da ke ƙasa da mizanin hanawa yana rage wa masu rauni gudu, ya bar masu ɗan juriya su hayayyafa su mamaye wurin. Kowace dabarar saki a hankali tana da wutsiya, wato dogon lokaci a ƙarshe da sinadari yake ci gaba da fita amma bai isa ya hana komai ba. Likitocin ƙashi sun ga haka da idonsu. Tun shekarun 1970 ake dasa 'yan duwatsun simintin ƙashi masu ɗauke da maganin bakteriya na jentamaisin a cikin ƙashin da ya kamu, suna saki da ƙarfi a kwanakin farko sannan su yi ta ɗigo na tsawon lokaci, kuma an samu bakteriya masu jure jentamaisin suna zaune a jikin waɗanda aka bari suka daɗe, abin da ya sa ake cire su idan aikinsu ya ƙare. Bakteriyar da ta kafa shimfiɗar yauƙi a kan abu takan jure adadin da ya ninka na wadda ke yawo a ruwa sau goma har zuwa dubu, don haka duk ranar da aka ba ta damar kafuwa, ƙaramin sakin da ke biyo baya ba zai tumɓuke ta ba.

Sai dai adalci shi ne a tuna cewa sinadarin da aka zuba a sake shi ma yana da wutsiya, kuma ya fi saurin shiga cikinta. Yana zubar da ƙarfinsa a farko, sannan ya shafe sauran rayuwar fentin yana ƙasa da mizani. Kafso mai kyau yana jinkirta shigar wannan lokaci, marar kyau kuwa tun ranar farko a cikinsa yake. Saboda haka a ganina tambayar da ta dace ita ce shekara nawa fuskar bango za ta yi a sama da mizanin hanawa, kuma yaya saurin faɗuwarta idan ta fara faɗuwa. Irin sinadarin ma yana da tasiri babba. Wanda yake kai hari wuri guda a jikin ƙwaya ya fi saurin gamuwa da turjiya, domin canji ɗaya a ƙwayar gado ya isa. Maganin fumfuna na kabendazim haka yake, kuma manoma sun daɗe da sanin fumfunar da ta bijire masa. Maganin bakteriya na tirikulosan, wanda aka daɗe ana ɗauka yana bugun ko'ina, an gano a 1998 cewa a ƙaramin adadi wani sinadarin gina kitse guda ɗaya yake toshewa, kuma a 2016 Amurka ta hana sa shi a sabulun wanke hannu na gida. Dangin OIT suna lalata sinadaran aiki da yawa a lokaci guda, don haka bijire musu ya fi wuya. Azurfa ma wurare da yawa take bugu, amma duk da haka an samu bakteriyar Salmonela mai ɗauke da ƙwayoyin gadon jure ta a sashen masu ƙuna na wani asibiti a Boston tun shekarun 1970.

A kan bangon waje, abin da aka fi gani shi ne sauyin mazauna: nau'in da maganin bai cika kamawa ba shi yake gaje wurin, kamar yadda fumfunar Altanariya take tsallake kabendazim. Shi ya sa ake haɗa sinadari biyu ko uku masu hanyoyin aiki dabam-dabam, kuma a nan kafso yana da wani amfani da ba a cika faɗa ba. OIT yana narkewa har kusan rabin giram a litar ruwa, DCOIT kuwa 'yan miligiram kawai, don haka idan an zuba su a sake na farkon zai gudu ya bar na biyun shi kaɗai, amma da ɓawon da ya dace ana iya sa su yi tafiya kusan tare. Domin bangon waje, ina ganin kafso mai inganci ya fi tsohuwar hanya ta fuskar turjiya da ta muhalli duka. Inda nake da shakka sosai shi ne kayan da ake taɓawa a asibiti da gida waɗanda ake tallatawa da sunan masu kashe ƙwayoyin cuta, domin a can ƙwayoyin da ake horarwa su ne masu sa mutane ciwo, kuma gwajin ISO 22196 da aka fi kafa hujja da shi ana yin sa ne a jiƙe, a digiri 35, na tsawon awa 24, yanayin da bai yi kama da busasshen mariƙin ƙofa ba.

Kafin ku saya, ka nemi a gaya maka kaso nawa na kayan ne ainihin sinadarin, domin ɓawo da ruwan da yake ciki suna da nauyi, kuma kwatancin kuɗi a kan kilo ba shi da ma'ana sai an mayar da shi kan giram na sinadari. Ka tambayi abin da aka yi ɓawon da shi, da ko akwai ragowar fomaldihaid, da kason da yake a sake ranar da aka kawo. Daga nan ka yi gwajin a cikin haɗinku, ba a cikin nasu ba. Ka haɗa fenti uku, ɗaya da sakakken sinadari, ɗaya da kafso a adadi ɗaya, ɗaya da kafso a adadin da aka rage, ka ajiye rabin kowanne a wuri mai zafin digiri 40 zuwa 50 na wasu makonni domin ka ga abin da zaman gwangwani zai yi musu. Ka shafa a alluna, ka bi tsarin gwaji na Turai mai lamba EN 16105 na jiƙawa da busarwa bi da bi kana auna abin da ya fita a ruwan, sannan bayan wankin ka shuka musu fumfuna bisa EN 15457 da gansakuka bisa EN 15458. Sabon allo da ba a wanke ba kusan kullum yana cin jarrabawa, har sakakken ma yakan fi kafso kyau a wannan mataki, don haka sakamakon bayan wanki shi ne abin dubawa. Wasu allunan kuma ka kafa su a waje, suna fuskantar inda ruwan sama ya fi bugu, kusa da inuwar bishiya idan da hali, ka bar su su ga damina biyu aƙalla, kana yankar ɗan guntu lokaci-lokaci kana auna abin da ya rage a cikin fentin tare da duba abin da ya tsiro a kansa.